Ranar da Kaskon Turarena Ya Kori Baƙin Otal

Ba na jin zan taɓa mantawa da tafiyarmu Abuja bikin 'yar Yaya Hajiya. Tun ranar da aka kawo mana alawar sa rana hankalina ya tashi, kuma ba anko ne ya dame ni ba, ba gudummawa ba. Fitsarin Abba ne.

Abba ɗana ne na fari, sunan surukina ya ci, lokacin bai daɗe da yaye ba. Yaro ne lafiyayye mai fara'a, amma idan barci ya ɗauke shi sai ka ce ranar da aka sako mana ruwa a kanal ɗin noman rani. Ita kuwa Yaya Hajiya yayar maigidana ce, tana auren wani babban ma'aikaci a Abuja. Zuwanmu na farko gidanta Abba ya jiƙa mata kujerar falo sharkaf. Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, ai babana ne." Sannan ta kira ƙarti biyu suka ciccibi kujerar zuwa rana a gaban baƙi, kuma a nan kujerar ta zauna har muka taho, duk wanda ya shigo gidan sai ya tambayi dalili. Wannan "ba komai" ɗin na daɗe ina jin ta a kunnena, har a gona.

To ga biki, ga dangin ango masu ƙamshi, ga ni da Abba za a cusa mu ɗaki ɗaya da matan manya. Na ce wa Baban Abba ko dai a nema mana masauki namu, ko a ce musu ba ni da lafiya. Shekarar tumatir ya yi kuɗi, don haka bai ƙi ba. Amma da ya tambayi kuɗin kwana a otal ɗin Abuja sai ya dawo yana dariya, ya ce abin da suke karɓa zai saya masa takin rani guda.

Nafi'u ne ya kawo mafita. Ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. A lokacin yana da kafe na intanet a Kano, irin waɗanda suka cika gari a shekarun nan, kuma yana da katin banki da yake sayo kayan waya daga waje. Ya ce mu zo, akwai wani shafi da ake taya ɗakin otal kamar yadda ake taya akuya.

Ranar wata Asabar muka hau mota daga Kura, Abba a bayana. Kafen zafi kamar ɗakin gashi, janareto yana ta ruri, samari sun jeru kowa ya kafa wa kwamfuta ido. Nafi'u ya kori wani ya zaunar da ni, ya shiga bayani. Kai ne za ka zaɓi unguwa, ka zaɓi darajar otal, ka rubuta abin da za ka iya biya. Idan wani otal ya yarda, nan take a zare kuɗin daga kati, sannan a gaya maka sunansa. Ba fasawa, ba mayar da kuɗi.

Na ce, "Wato in sayi kwando a rufe?"

"Ke komai naki tumatir ne," in ji shi.

Ya ce manyan otal-otal ne da ɗakunansu suke kwana ba kowa, suna son ciniki amma suna jin kunyar masu kuɗi su ji sun karya farashi. Kamar Hajiyar da talauci ya leƙo, ta ba dillaliya 'yan kunnenta na gwal ta ce kada a faɗi na wace ce. Na gyaɗa kai kawai. Amma ni a bakin gona na tashi, na san yadda ake shirya kwando. Manyan jajaye a sama, ƙanana a tsakiya, masu tabo a can ƙasa inda hannu ba ya kaiwa. (Ban ce namu ake yi wa haka ba, na ce dai na sani.) Duk abin da mai shi ya ƙi a buɗe kafin a biya, to akwai ruɓa a gindinsa.

Duk da haka ciniki ciniki ne, kuma a garinmu Bunkure an san ni da tayi. Na sa Nafi'u ya rubuta abin da ko ni sai da na ji kunya. Kwamfuta ta daɗe tana juya wani ɗan zobe, sannan ta ce albarka. Na miƙe, na gyara goyo, na ce su tashi mu tafi.

"Ina za mu?" in ji Baban Abba.

"Bakin ƙofa. Idan ta ga da gaske muke za ta kira mu."

Nafi'u ya kifa kai a kan tebur yana dariya har yana tari. Da ya farfaɗo ya ce wannan ba ta kiran kowa, kuma ba ta yarda ka sake tayi nan take sai ka ƙara wata unguwa ko ka jira gobe. Ya ƙara unguwa, ya ɗan ɗaga kuɗin. Zobe ya yi ta juyawa, zuciyata tana bin sa. Sai ga shi an sallama, a ƙasa da rabin kuɗin da aka gaya wa maigidana. Suna ya fito da Turanci, ga hotuna: gini har sama, wani tafki shuɗi, gado fari tas. Nafi'u ya ce mun tsinci sa'a. Ni kuwa a raina na ce hoto ai saman kwando ne.

Saboda haka na yi shiri irin na mai zuwa inda ba komai. Jarkar ruwa, bokiti, buta, fitilar ƙwai, tabarma idan gadon yana da kuɗin cizo, gidan sauro, risho da kananzir, shinkafarmu ta Kura, kauɗar tumatir. Sai gawayi a leda da kaskon turaren wuta, da turare mai kyau da na saya wurin wata maƙwabciyarmu 'yar Maiduguri, don na tabbata ɗakin araha ba zai rasa wari ba. Baban Abba ya dubi kayan ya tambaya ko ƙaura za mu yi. Na ce zai gode min.

Da tasi ta sauke mu na ɗauka direba ya yi ɓatan kai. Wani mutum mai jar hula ya buɗe mana ƙofa yana rusunawa, ya turo wani keke mai ruwan gwal, ya shiga jera kayana a kai ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya zo kan fitilar ƙwai ya ɗan tsaya ya dube ta. Muka ratsa wani falo mai ƙasa kamar madubi, bokitina yana ƙwanƙwasa jarka, ledar gawayi tana zubar da baƙin gari a bayanmu kamar layin shuka.

A ɗaki na shiga neman ruɓa. Na ɗaga katifa, ba ƙwaro. Na murɗa famfo, ga ruwa, har da na zafi. Wuta ba ta ko ƙifta ido. Sanyi kamar an buɗe randa. Har na fara jin haushi, sai na ɗaga kai na hango wani farin abu manne a rufi, kamar murfin kwano, da ɗan jan haske yana ƙyaftawa. Na ce yawwa, ga ta nan, da wannan suke leƙen matan mutane. Na mayar da hijabina, na juya masa baya, raina ya kwanta na gano su.

Daga nan kuma sai girman kai ya shige ni. Na karɓi wayar Baban Abba na kira Yaya Hajiya, na gaishe ta, na ce idan ta sami sarari bayan la'asar ta leƙo ta ga masaukin babanta. Da na faɗi sunan otal ɗin (sai da na maimaita, harshena ya ƙi) ta yi shiru, sannan ta ce, "Can kuka sauka?" Wallahi wannan shirun ya fi min tsire daɗi.

Baban Abba ya tafi gaida maza. Abba ya ci ya ƙoshi, ya bi lafiyar gado. Na buɗe jaka in ɗauko ledar da nake shimfiɗa masa, sai na tuna inda take. Tana kan igiya a tsakar gidanmu, na wanke ta na shanya. Na kwaso gidan sauro, na kwaso kauɗa, na bar abu ɗaya da ya sa aka yi tafiyar gaba ɗaya. Na ce ba komai, zan zauna in yi gadinsa, in tashe shi ya yi a banɗaki. Na ɗan kishingiɗa a gefensa. Wannan katifa ba a yi ta don masu gadi ba.

Sanyi ne ya tashe ni, a jikin zanina. Farin zanin gadon nan ya zama fadama. Nan take na ga abin da zai faru: za su ce dama 'yan araha ne, su sa mu biya katifa, ga Yaya Hajiya a hanya. Na yaye zanin na wanke a bahon wanka, na rataye shi a ƙofar banɗaki. Amma ɗakin a toshe yake, tagar ma ba ta buɗuwa, zarni ya tsaya cak. Sai na yi wa kaina kirari da na taho da kasko. Na kunna risho a banɗaki, na hura gawayi har ya yi ja, na zuba turare ba na rowa ba. Hayaƙi ya tashi mai kauri, ɗaki ya ɗauki ƙamshi kamar na amarya.

Sai wata ƙara ta ɓarke, irin wadda ban taɓa ji ba, kamar ana yanka ƙarfe. Abba ya farka da kuka. Na ji gudu a waje, ana bubbuga ƙofofi, wani yana cewa gobara, kowa ya sauka ta matakala. Na saɓa Abba a baya. Har na kai ƙofa na tuna tarbiyyar Innata, ba a fita a bar wuta a ɗaki, balle ɗakin mutane. Na koma na kashe risho, na ɗauko kaskona.

Haka na sauko tare da jama'a, hawa bayan hawa. Ina lura da yadda ake ba ni hanya, na ce ashe mutanen Abuja suna tausayin mai goyo. A harabar waje an cika: Turawa da tawul, alhazai ba hula, wata mata rabin kanta a tsefe, masu dafa abinci da dogayen fararen huluna. Duk an ɗaga kai ana neman inda wuta take. Ni ma na ɗaga nawa.

A nan Yaya Hajiya ta same ni, ita da ƙawayenta biyu, sun sha leshi. Ta kama ni tana salati, tana shafa kan Abba, tana tambayar me ya faru.

Na ce, "Gobara ce, Yaya. Wani sakarai ne ya yi wasa da wuta. Mutane ba sa tunanin akwai yara a gini."

Na faɗe ta da ƙarfi, har na kusa suka juyo. Ita dai hannuna take kallo. Wata ma'aikaciya ta ratso taro, tare da wani mai gadi rungume da jar tukunyar kashe wuta. Da Hausarta ta mutanen kudancin Kaduna ta tambaye ni a hankali ko ni ce mai ɗakin da aka shanya zanin gado a ƙofar banɗaki. Na ce ni ce, Allah ya sa wutar ba ta kai can ba.

"Maman yaro," ta ce, "wutar ce a hannunki."

Na dubi kasko. Yana ta hayaƙinsa cikin natsuwa. Mai gadi ya dubi tukunyarsa, ya dubi kaskona, ya ajiye tukunyar, ya karɓi gorar ruwa a hannun wani Bature ya tsiyaya. Ƙarar da gawayin ya yi kowa ya ji ta, don a daidai lokacin aka kashe jiniya.

Na sunkuyar da kai ina jiran "ba komai". Ba ta zo ba. Yaya Hajiya ta fashe da dariya har ɗaurinta ya zame, ta dafa mota, ta zauna a gefen fulawa tana share hawaye. Ma'aikaciyar ta yi min bayani cewa farin abin nan na rufi hayaƙi yake shinshina, ba ruwansa da matan mutane. Ta ƙara da cewa kowace katifa tana da leda a ƙarƙashin zani, yara suna jiƙa musu gado kullum, da na ɗaga waya da an canza min ko sisi ba zan biya ba. (Na ɗaga katifar nan ina neman ƙwaro, na ga ledar da idona, na ɗauka sabuwa ce ba a ɓare ba.)

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce sai an rufe ɗakin an wanke labule da darduma, ga tara, kuma kuɗin da aka biya ta intanet ba ya dawowa. Tarar ta cinye ragin da na yi ta taƙama da shi har ta nemi ƙari. Yaya Hajiya ta shiga ofis ta yi Turanci da shi, ta fito ta ce in kwaso kayana. Mai jar hula ya sake jera su a keken gwal, wannan karon da jiƙaƙƙen kasko a sama.

A gidanta muka kwana, inda na yi ta gudu. Ta kai ni wani ƙaramin ɗaki ni da Abba kaɗai, ta buɗe durowa ta miƙo min sabuwar ledar shimfiɗa, ko ɓare ta ba a yi ba. Ta ce tun da aka sa rana ta saya wa babanta ta ajiye. Sannan ta ce idan turaren ya yi saura in sam mata, don duk harabar otal ɗin ƙamshinsa take.

Kafin a kai amarya sunana ya koma Mai Kasko, kuma har yau dangin maigidana ba su san min wani suna ba. Da labari ya kai wa Nafi'u sai ya bugo waya musamman ya ce ashe kwandon lafiyarsa ƙalau, mai tabon daga Bunkure aka kai shi. Na dai gane cewa wani abin ana rufe shi ne don kunya ba don ruɓa ba, kuma wata "ba komai" ɗin da gaske ba komai ce.

Abba yanzu ya zama saurayi, har yana gyara gashin baki. Don Allah idan kun haɗu da shi a Kura ko a Bunkure, kada ku ɗaga masa maganar nan. Shi barcinsa kawai ya yi.