Ranar da Aka Duba Gidan Duba-gari

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a daminar farko bayan sojoji sun koma bariki ba, kuma duk mai ce mini in manta bai san abin da aka yi mini ba ne. (Na san da hannuna a ciki, amma ku bari in fara huce haushina a kan wasu tukuna.)

Lokacin ni duba-gari ne a ƙaramar hukumar Tarauni. Gyaɗi-Gyaɗi aka ba ni, a nan kuma nake zaune. Aikina shiga gidajen mutane da dogon ludayi da tocila, in leƙa randa, in leƙa kwata, in leƙa bayan gida. In na ga tsutsar sauro a ruwa, nan take za a tuntsurar da randar, ko da yanzun nan mai garuwa ya cika ta. A zamanin soja ba mai cewa uffan, don ran tsaftar ƙarshen wata da sojoji biyu a bayana nake yawo. In na kunno kai lungu, mata har rige-rigen ɗaukar tsintsiya suke yi. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana yi mini daɗi.

Sai ga wata ƙungiyar 'yan sa-kai ta likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, irin masu haɗuwa a otal duk mako su ci shinkafa su yanke shawarar inda za a haƙa rijiya, ta ce tana da tallafin tura ma'aikata huɗu ƙasar Holan su yi mako biyar suna ƙaro ilimin aikinsu. Jirgi, masauki, abinci, duk kyauta. Musaya ce: mutanen Holan su fara zuwa su ga yadda muke aiki, sannan namu su je. Gurbi ɗaya aka ware wa ma'aikatan tsafta, kuma bayan tantancewa mu biyu muka rage, ni da abokiyar aikina Grace, 'yar Kudu haifaffiyar Kano. Ni ko ɗar ban ji ba. Na yi fasfo, na kai ɗinkin kwat, na sayi sabon takalmi sau-ciki, har na fara neman gafarar mutane a masallaci kamar mai tafiya hajji.

Abu ɗaya ya rage. Baƙuwarsu, wata doguwar Baturiya mai suna Annika, za ta bi kowannenmu aiki na yini guda tare da shugaban ƙungiyar, Dokta Sani, daga nan su zaɓi mai tafiya.

Na shirya tsaf. Na zaɓi gidaje uku na mutanen da muke mutunci, na sanar da su tun saura kwana uku, aka share har ƙarƙashin turmi. Na kuma tsara hanyar yadda ba za ta kusanci lungunmu ba, don kwatar ƙofar gidana ta toshe tun farkon damina, ga wani durom a ƙarƙashin indararo da tsatsa ta cinye murfinsa. Matata Hadiza ta yi magana har ta gaji.

"Abban Sadiya, durom ɗin nan fa yana son murfi."

"In na dawo daga Holan," nake ce mata.

Ranar ta zo. Gidaje ukun nan sun fitar da ni kunya, Annika tana ta rubutu, Dokta yana gyaɗa kai. Da ina da hankali, a nan zan ce an gama, a je a sha lemo. Amma sai na ji abin bai yi armashi ba, tunda Baturiya ba ta ga yadda nake kama mai laifi ba. Muna fitowa titi na hango Inna Talatu mai waina a bakin tandarta, ga randarta a gefe. Ita ce matar da na zubar wa ruwa har sau biyu a shekarar da ta gabata. Na ce a raina, ga nama.

Na yi sallama sama-sama, na ɗaga murfi, na zura ludayi. Ruwa garau. Na sake zurawa har ƙasa, na haska tocila. Ko ƙura babu. Maimakon in ce madalla in wuce, sai na haɗe rai na ce, "Inna, murfin nan bai zauna daidai ba. Wannan karon na ƙyale ki."

Ta ajiye cokalin juya waina, ta goge hannu a zaninta, ta dube ni daga hula har sabon takalmi.

"Ɗan nan, ka ƙyale ni? Bara da soja a bayanka ka zubar mini da randa sau biyu, ban ce maka ƙala ba. Bana kuwa da yatsan nan na dangwala ƙuri'a. Tunda duba ake yi, a je a duba naka. Ba ga lungunku can ba?"

Annika ta tambayi me tsohuwar take cewa. Nan ne fa nake jin haushin Dokta Sani har gobe. Babban mutum, ɗan gari, wanda ya san mene ne rufin asiri, me zai hana ya ce mata Inna tana yi mata barka da zuwa? A'a. Sai ya gyara tabarau ya fassara maganar kalma bayan kalma, har da yatsan. Baturiya ta tafa hannu ta ce wannan shawara ce mai kyau ƙwarai, ita ba ta taɓa ganin inda jama'a suke duba mai duba su ba.

Na ce matata ba ta da lafiya. Inna ta ce yanzun nan ta aiko sayen waina. Na ce hadari ya taso. Kowa ya ɗaga kai, sama fes.

Haka muka ɗunguma, ni a gaba kamar wanda za a kai kotu, Inna ta bar tandarta a hannun maƙwabciya. Kafin mu kai lungunmu, matan da na taɓa tuntsurar wa randa sun fi goma a bayanmu, kowacce ta yafa mayafi a gurguje. (Yadda labari ya zaga har yau ban sani ba, lokacin ko wayar hannu babu.) Sai da kowa ya tsallake kwatata kafin ya shiga zaure, Dokta har da tattare babbar riga.

A tsakar gida Inna ta miƙo hannu. "Kawo ludayin."

Na ba ta. Ludayin gwamnati, mai lamba a jiki! Ta zura shi a durom ta ɗago. Ba a ma buƙaci tocila ba. Tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil, manya da ƙanana, har da waɗanda suka kusa yin fiffike. Matan suka ɗauki salati, irin salatin da dariya ce a cikinsa. Annika kuwa murna ta kama ta. Ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka ta ɗiba, ta ce tun zuwanta Kano ba ta samu masu kyau irin waɗannan ba. Sannan ta miƙo mini biro da 'yar takardar da ake liƙawa a kwalba, wai a rubuta sunan mai gidan. Da hannuna na rubuta cikakken sunana, har da unguwa.

"To, Malam duba-gari," in ji Inna, "me doka ta ce?"

Na san abin da doka ta ce. Na sa kafaɗa na tuntsurar da durom ɗina a gaban jama'a. Ruwan ya kwarara ya tarar da kwata a toshe, ya juyo da duk abin da ke cikinta, ya cika mini sabon takalmin zuwa Holan. Hadiza ta leƙo daga bayan labule, ta dubi murfin durom ɗin, ta dube ni. Da ma ta yi magana ya fi mini sauƙi.

Bayan mako biyu takarda ta zo, suna godiya da "gaskiyar da na nuna". Grace aka zaɓa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi wata guda ba na cin waina, a masallaci kuma mutanen da na nemi gafararsu suka riƙa tambayata yaya sanyin Turai.

Da Grace ta dawo ta kawo mini tsarabar cakulan, tana ta danne dariya.

"Oga, ai kai ma ka je," ta ce. "Duk garin da muka sauka sai Annika ta haska hoton kwalbar nan a bango. Sunanka raɗau, har tafi ake yi."

Na ci cakulan ɗin, don ba shi ya yi mini laifi ba. Amma tun daga ranar har na yi ritaya, ban sake fita aiki ba sai na fara zura ludayi a randar gidana. Fasfon nan yana cikin akwati, wa'adinsa ya ƙare ko hatimi ɗaya babu. Tsutsotsin gidana ne suka ga Holan, da sunana a goshinsu.