Rasuwar Baƙa, Na'urar Gem ta Gidan Na'Allah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Na'Allah mai faci a Kontagora yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka yi aika-aikar, rasuwar na'urar gem ta gidansa, wadda yara ke kira Baƙa.

Marigayiya 'yar gwanjo ce. Ta shigo gidan a shekarar da Na'Allah ya kwaso iyalinsa daga wani ƙauye a yankin Kasuwan Garba, bayan 'yan bindiga sun ƙone shi. Ɗansa Mahfuz ya iso gari ba ya magana. An sha rubutu, an je asibiti, shiru. Sai ranar da uban ya zauna da shi a tabarma, kowa da abin dannawa a hannu, Baƙa ta yi "tiriri-rin!", yaro ya zura wa ubansa ƙwallo, ya buɗe baki ya yi masa tsiya. Na'Allah ya shiga bayan gida ya yi kukansa.

An shaide ta da haƙuri. A ɗauke wuta, a kawo, ba ta taɓa ƙorafi ba, kuma ba ta taɓa tambayar yaro abin da ya gani a daji ba. Amma ba za a yi mata ƙarya don ta mutu ba, tana da faifan yaƙi guda mai "ratata-ta, dum!" Shi kansa Na'Allah bai so shi ba, shi ya sa ya kulle shi a akwati.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da wani yaro mai leƙen gem ta taga, ɗan Khalilu maƙwabcinsu, ya fasa wa ƙanensa kai da bindigar katako. Khalilun da bai san ajin ɗansa a makaranta ba! Khalilun da wayarsa ke cike da bidiyon gawarwaki na gaske, yana nuna wa majalisa, yara na leƙe ta kafaɗarsa! Shi ya kai ƙara wajen dattawa, wai Baƙa ce ta lalata masa ɗa. Aka yanke hukunci bayan la'asar, ba a kira Na'Allah ba, ai baƙo ne.

Yana wajen faci mutanen unguwa suka cika ƙofar gidansa da sanduna, suna ihun a fito da ita. Babu wanda ya tuna Mahfuz ya taɓa jin irin ihun nan a ƙofar wani gida. Matar gidan, Zainab, ta miƙo ta, suka tsoma ta a bahon wanki. Ta yi "tsss" ta cika, faifan ƙwallo na cikinta.

Ta rasu ta bar abin dannawa biyu, da igiyar wuta, da talabijin mai zaman takaba, da Mahfuz, wanda aka zaƙulo daga ƙarƙashin gado da kyar.

Za a sa ta a kwalinta, a rufe ta bayan gida gobe da hantsi. Ba zaman makoki, ba shayi, ba goro. An roƙi dattawan unguwa kada su zo a ƙungiya, kada kuma su ɗaga murya. Wanda ya gaida Mahfuz bai amsa ba, ya yi haƙuri, ba raini ba ne. Tun ranar ko ubansa bai ji muryarsa ba.