Ranar da Wendell Ya Yabi Kek ɗin Marlys

"Ku ba ni minti biyar da Turancina, sai na sa mace ta manta sunan mijinta na fari!"

Wendell Ostby ke nan a shagon aski, yana cika baki kumfa na zuba masa a wuya. Shekara talatin ya yi yana koyar da adon magana a sakandaren garinmu a Minnesota. Shi ya yi ritaya, bakinsa ne bai samu labari ba. Ƙamus muke ce masa.

Macen da yake nufi Marlys Hagen ce, wadda mijinta ya rasu shekara uku ke nan. Wendell ya mutu a kanta, amma akwai Duane, wani manomin masara da kan wuni bai furta kalma goma ba, shi ma yana ciki.

Lyle mai aski ya ce, "Ƙamus, ka dai san garin nan. In abu ya kai maƙura a daɗi, 'ba laifi' muke cewa. In ya lalace ƙarshen lalacewa, 'daban ne.' Sauran duk surutu."

"Talaucin harshe! Ranar Lahadi za ku ga aiki."

Lahadi bayan sujada aka sauka ɗakin ƙasa na coci, kowa da kwanonsa. Marlys ta kawo kek ɗin tuffa. Wendell ya gutsura, ya miƙe, ya ƙwanƙwasa kofi da cokali. Ya fara da kambamawa.

"Jama'a! Tun da aka halicci tuffa ba a taɓa gasa irin wannan ba! Mala'iku ma sai sun bi layi!"

A wurinmu duk wanda ya yabe ka haka, ko ba'a yake maka, ko mota zai sayar maka. Marlys ta ce a hankali, "In bai yi maka ba, Wendell, ajiye shi."

Gogan ya ga kambamawa ta ƙi ci, sai ya koma kamance.

"Marlys, ke kamar tsohon murhu ce. Shekaru sun ja, amma da sauran zafi!"

Matar fasto ta shaƙe da kofi.

Mai hankali da ya zauna. Ƙamus kuwa ya zaro makaminsa na ƙarshe, wato gatse. Ya kashe ido ɗaya, ya ce, "To, gaskiya kek ɗin nan ko kare ba zai ci ba!" Sai dai Marlys ta riga ta sunkuyar da kai, ba ta ga idon ba. Maganar kawai ta ji. Wallahi ni kaina na ji masa kunya.

Can ƙarshen tebur Duane ya suɗe cokalinsa, ya turo faranti.

"Ba laifi. Da saura?"

Fuskar Marlys ta yi ja har kunne. Ta yanko masa rabin kek ɗin, ta ce gobe ya biyo ya duba mata famfo.

Wendell ya ruɗe. "Marlys! Kalma huɗu fa ya yi! Ni jawabina fa?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara tabarau.

"To, Wendell. Daban ne."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji, ta ce, "Shekara arba'in na san Marlys, ban taɓa jin ta yi ashar ba sai yau."