Wayar da Na Ja Zuwa Zauren Surukina

Zamanin osteriti, lokacin tsuke bakin aljihu, jarrabawar ma'aikatan tarho ta yi ta kayar da ni a Sakkwato. Surukina, manomin albasa a nan unguwarmu a Bodinga, ya aiko cewa in koma gyaran rediyo. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na rantse sai na nuna masa.

Na aro tarho biyu, na ja waya daga ɗakina zuwa zaurensa, na tura abokina Bello ya jira can. Na ɗaga ina hura hanci.

"Bello, gaya ma tsohon ga, albasa kaɗai yas sani, ya bar muna aikin ilimi!"

Layin da bai taɓa ko tari a jarrabawa ba, ranar ya fito tas.

"Na jiya, injiniya," in ji surukina. "Bello ya tafi alwala."

Sai ga ni durƙushe cikin ɗaki, ni kaɗai, ina gaida tarho.

Jarrabawar kam na ci daga baya. Amma Bello ya riga ya baza labari. Har yau in na ratsa kasuwa, masu albasa sai su ɗora hannu a kunne: "Injiniya, Bello ya tafi alwala!"