Kurmin da Ya Sha Shara

"...lafiya lau, ya hanya? Kai, tsaya daga nan! Kakkaɓe takalmanka kafin ka shigo."

"In kakkaɓe takalmi? Tsohuwa, daji fa zan shiga, ba ɗakinki ba."

Haka suka fara, ƙanwata da jikanta, ni kuwa ina zaune a kan kututture ina tausa gwiwa. Ƙanwar tawa ita ake ce wa Fes-fes, don tun tana budurwa ba ta iya ganin ɗan tsinke a ƙasa ta wuce shi. Jikan kuma Watsau muke kiransa, mutumin da in ya kwana a ɗaki sai an laluba da sanda kafin a gano gado. Ya girma har ya tara gemu, shi ke kula da kurmin da mahaifinmu ya bar mana a bayan gidaje. Shi ya yi ta sintiri ofishin gandun daji yana nema mana tallafi: dashen bishiyoyi, wayar shinge saboda awaki, da ɗan abin da za a riƙa bayarwa duk shekara don kula da wurin. Abin da ya rage kawai jami'ar ofishin ta zo ta ga kurmin da idonta. Ya bugo wa kakarsa waya ya ce baƙi na tafe. A duk maganar da ya yi, kalmar da ta shiga kunnenta ke nan: baƙi.

"Albishirinki, amarya!" in ji Watsau, yana tsokanar kakarsa. "Jami'ar tana hanya, yanzu muka gama waya. Yau sai kin yi rawa, ko da gwiwa ɗaya ce."

"Rawar me zan yi wa mijin da bai taɓa saya min ko ɗankwali ba? Ɗaga kanka ka ga aikin manya."

Ya ɗaga kai. Murmushin ya bushe a fuskarsa. Daga bakin kurmin har kusan tsakiya, ƙasa tas, ga zanen tsintsiya layi-layi kamar an yi mata kitso. Busassun ganye an ɗure a buhuna. Gungumen da suka shekara a kwance suna ruɓewa an jawo su an jere gefe guda, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ga wani tulin ganye can, ga ashana a hannun Fes-fes.

"Innalillahi! Tsohuwa, me kika yi?"

"Abin da uwarka ta kasa koya maka. Tun da ka bugo nake nan, ni da matan maƙwabta. Ka ga bayana? Ya ƙi miƙewa."

"Dama yaushe rabonsa da miƙewa? Ajiye ashanar nan! Ajiye, don girman Allah!"

"Ji shi, sai ka ce shi ya saya."

"Ina gungumen da ke ƙarƙashin babbar bishiya, mai naman kaza a jiki?"

"Wannan ruɓaɓɓen? Da ka ga abin da ke ƙarƙashinsa! Tsutsa, kiyashi, har da wata bushiya da ta harare ni kamar na shigo mata gida ba sallama."

"To ai gidanta ne! Shi fa za a zo gani! Sharaɗin tallafin ke nan: abin da ya faɗi a bar shi inda ya faɗi. Ganye ya rufe ƙasa ta riƙe laima, icce ya ruɓe ya zama taki, ƙwari su samu wuri, tsuntsaye su samu ƙwari, 'ya'yan bishiya su tsiro da kansu."

Fes-fes ta juyo ta dube ni. "Yaya, kina ji? Wai hukuma za ta biya mutum don ƙazanta. Ashe shi ya sa suka zaɓe shi. Da sun leƙa ɗakinsa, da shugaban ofishin suka naɗa shi."

Na ce ni ba ruwana, na zo shan iska ne. Gaskiya kuwa na faɗa mata tun farko cewa ban taɓa ganin wanda ya share daji ba, ta ce shi ya sa ban taɓa baƙon kirki ba.

Watsau ya riga ya kwance bakin buhu. "Maza! Duk abin da kika kwashe sai ya koma. In matar nan ta tarar da kurmi kamar tsakar gida, shi ke nan, babu dashe, babu waya, awaki su ci gaba da cinye mana 'yan tsirrai."

"Ni in zubar da shara da hannuna? A shekaruna?"

"Shekarunki wa ya san adadinsu? Bishiyar can ma da kike gani Yaya take ce miki."

"Aƙalla ita tana da inuwa. Kai me kake da shi ban da gemun da ya yi kama da abin da na share?"

"Kama wancan buhun, matar ƙwarai."

"Sai dai ka sake ni."

"In na sake ki wa zai kwasa? Sai dai in haɗa ki da gungumen nan, in ce wa jami'a ga wani tsohon iccen da muka bari yana ruɓewa a hankali."

"Bakinka ya sari dutse, ɗan nema!"

Tana zagi tana kama buhun. Abin kallo! Shi ya riƙe gindin buhu yana juyawa kamar mai iska, ganye na tashi har kan rassa, yana ihu, "Wannan aikina ne! An haife ni don yau!" Ita kuwa sai ta ɗebi ganye a tafin hannu, ta sunkuya, ta ajiye a hankali, ta daidaita gefe da ɗan yatsa.

"Tsohuwa, watsawa za ki yi, ba shimfiɗa ba!"

"Ai watsawa nake yi."

"Kin jera su bisa girma!"

"To hannuna bai iya hauka ba, ya zan yi?"

Suka koma kan gungume. Ya ja, ta tura da ƙafa, suna haki suna tsiya. Duk wanda ya yar a karkace, da ya juya baya sai ta miƙar da shi ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ni dariya ta hana ni numfashi, har sai da na ga mota ta tsaya a bakin hanya.

Jami'ar doguwa ce, da takalman roba har gwiwa. Ta gaishe mu a ladabce, ta tsaya tana kallo. Ganye na kan gemun Watsau, Fes-fes kuma ta ɓoye tsintsiya a bayanta, kan tsintsiyar ya leƙo ta saman kafaɗa.

"Ranki ya daɗe," in ji Watsau, "kin ga kurminmu, yadda Allah ya halitta shi."

"Na gani," in ji ta. "Iskar wurin nan tana da tarbiyya. Tana kayar da icce a jere." Ta sa ƙafa ta mirgina gungume guda. Gefen da ke da danshi yana sama, busasshen yana ƙasa. "Wa ya yi sharar?"

"Ni ce, 'yata," in ji Fes-fes, ta fito da tsintsiyar fili. "An ce min baƙi za su zo. Laifin wannan mijin nawa ne da ba ya gama magana."

"Na gama! Ke ce kika kashe wayar kina neman tsintsiya!"

Jami'ar ta danne dariya da ƙyar, ta wuce cikin kurmin, can inda bayan Fes-fes ya gaza kaiwa. Muka bi ta da ido. Ta durƙusa ta cusa hannu cikin ganye, ta ɗebo baƙar ƙasa ta sunsuna. Ta leƙa kogon wata matacciyar bishiya da ke tsaye. Ta daɗe. Watsau ya daina zolaya, sai murza gemu yake yi. Fes-fes kuwa sai juya tsintsiya take yi a hannu.

Da ta dawo ta ce, "Can ciki kurmi ne na gaske, 'ya'yan bishiya sun tsiro ko'ina. Nan kuwa damina ɗaya za ta gyara shi, in an bar shi ya huta. Za ku samu. Amma zan dawo ba tare da na sanar ba, Kaka, kuma in na ga zanen tsintsiya ko guda, na janye."

Watsau ya yi wani tsalle har hularsa ta faɗi. "Mun samu! Tsohuwa, mun samu!"

"Mun samu? Ni na samo. Ba don na share rabi ba, da me za ta gwada ta san ɗayan rabin yana da kyau?"

"Ji ƙarya da tsakar rana!"

"Kuma sai ka biya ni. Hana ni shara aiki ne, ya fi sharar wuya."

Ya ruga wurin babur ɗinsa ya kwanto wata sabuwar kujera mai naɗewa, wadda ya sayo don baƙuwa ta zauna. Ya buɗe ta a gindin babbar bishiya, ya rusuna. "Ga ofishinki, amarya. Aikinki ki zauna ki riƙa kallon ganye yana faɗuwa."

Ta zauna, ta gwada jingina, ta ce kujerar ta fi mai ita amfani. Ba ta rufe baki ba wani busasshen ganye ya sauko yana lilo, ya sauka daidai kan babban yatsan ƙafarta. Muka zuba mata ido, har da jami'ar. Hannunta na dama ya fara rarrafawa ƙasa. Ta cafke shi da na hagu, ta cusa duka biyun ƙarƙashin cinyarta ta danne.

"Na sallama, ƙazami," in ji ta, tana dariya har da hawaye. "Amma don Allah zo ka ɗauke min wannan guda ɗaya, ka yar da shi can inda ba na gani."