Yadda Na Kawo Magariba Da Wuri

A azumin da ya faɗo cikin damina, Kawu Sale ya damƙa min kwamfutar shagonsa na buga takardu, don a duk zuriyarmu ni kaɗai na iya shiga baƙin allon nan da ake rubuta wa inji umarni. Agogon da ke cikinta yana latti, ga shi ita ke mana kiran salla. Na tura hula gaba, na rubuta layi guda, na daidaita shi da agogon hannuna. Ta tambaya ko lokacin Landan ne na saka. Na ce e, tunda kayan Landan sun fi ƙarko. Ashe awa guda za ta ɗora a kai don ta mayar da shi lokacinmu na nan.

Da yamma hadari ya rufe Azare, aka ɗauke wuta, lasifikar masallaci ta mutu. Janaretanmu kaɗai ke ruri. Kwamfuta ta rangaɗa kiran salla.

"Ka tabbata?" in ji Kawu.

"Kawu, inji ba ya ƙarya."

Shi da abokansa suka kai dabino baki, suka bi da kunu. Sai ga maƙwabcinmu Emeka mai kayan babur ya leƙo, ya dubi agogonsa.

"Alhaji, an yi muku ragi ne yau?"

Hadari ya yaye, rana ta fito tana kallonmu.

Har yau, in na wuce majalisarsu da hantsi, sai wani ya ɗaga kofi: "Injiniya, mu sha ko mu jira?"