Ranar da Na Dirje Tasar Alhaji Bukar

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da satina na farko a wani ɗan gidan adana kayan tarihi a nan Haɗeja ba. Shara da goge-goge aka ɗauke ni, gwajin wata uku, bayan na shekara biyu ina zaman kashe zani. Na ci alwashin sai na burge kowa.

A satin aka shirya zaman tattaunawa, inda masu zane da masu tara tsofaffin kaya za su yi wa jama'a bayani. Babban baƙo shi ne Alhaji Bukar, wani dattijo daga Birniwa, wanda ya yi alkawarin bar wa gidan kayan kakanninsa idan ya ga za a riƙe su da amana. Tun jajibiri aka jera su a tebur aka lulluɓe: gorar masunta, wani takobi, da wata tasar tagulla.

Garin shara na ɗaga ƙyallen. Tasar nan, jama'a! Ta yi kore, gindinta baƙi ƙirin. Ni kuwa Inna ta raine ni a kan cewa macen da baƙo ya ga kwanonta da dauɗa ta zubar da mutuncin gidansu. Na ce maza kenan, za su tara manyan mutane su nuna musu ƙazanta. Ban gaya wa kowa ba (so nake a gani a yaba, kun ji wauta). Na samo toka da tsamiya da soson ƙarfe, na zauna gindin famfo na dirje ta har sai da na hango haƙorana a ciki.

Washegari ɗaki ya cika maƙil. Ashe shugaban gidan ya daɗe yana bayanin cewa koren da ke jikin tasar shi ne shaidar tsufanta, shi ne ma darajarta. Ni duk ban ji ba, ina waje ina ɗauko wa baƙi zoɓo.

Shigowata ke da wuya ya yaye ƙyallen. Tasa ta ɗau ido, wal-wal.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji shugaba.

Na ajiye tire, na gyara gyale, na matso gaba ina murmushi. "Ni ce, ranka ya daɗe. Lokaci ne ya ƙure, da har takobin zan haɗa."

Wata mai zane ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Sai a lokacin na ga fuskar shugaba, na gane na tafka ɓarna.

Alhaji Bukar ya juya tasar, ya sake juyawa, ya dube ni. "'Yata, shekara talatin ina kulle ta a akwati don kar matata Hajiya ta wanke. Na ce bari in kawo ta inda ta fi ƙarfin soso. Ashe a nan ma akwai ku."

Dariya ta ɓarke. Na so ƙasa ta tsage in shige, wallahi har hawaye na yi don kunya.

Da aka tashi ya tattara gorarsa da takobinsa ya sa a mota. Tasar kaɗai ya bari, wai ita kam babu sauran abin da za a ɓata. Ba a kore ni ba, amma an ƙwace soson, aka mayar da ni jera kujeru.

Tun daga ranar, ko yanar gizo-gizo na gani a gidan nan, sai na tambayi shekarunta kafin in ɗauko tsintsiya.